Kwana Sha Huɗu a Ƙarƙashin Kwandon Mama Kezia

Kafin Mama Kezia Dzarma ta gaida kowa da safe, kashin kaji take fara dubawa. Na faɗe shi yadda yake, wanda abin ya yi wa ƙazanta ya yi haƙuri. Da gari ya yi haske za ta fito da tsintsiya, ta durƙusa a bakin akurki ta leƙa ƙasa. Idan ta ga kashin a ɗaure, da ɗan fari a samansa, sai ta buɗe ƙofa ta ja gefe. Kajin su fito ɗaya bayan ɗaya tana kallon tafiyar kowacce. Wadda ta fito a ƙarshe, ko ta tsaya tana lumshe ido, ita za ta kama ta duba hancinta da bakinta. Daga nan ta share, ta barbaɗa toka, ta wanke kaskon ruwa, ta zuba dusa. 'Yan tsaki kuwa tukunyarsu daban: wata tsohuwar tukunya ce da take cusa wa kara da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa ta kife a gindin darbejiya, da safe ta ɗaga ta tarar gara ta cika ta. Sai ta gama duk wannan, ta wanke hannu da sabulu, sannan za ka ji muryarta ta saman katanga tana kiran matata.

"Rashida, kun tashi lafiya? Jar nan taki ta sauko ta ci, ko tana nan manne da ƙwai?"

Shekara goma ke nan ina jin wannan tambaya ko mai kama da ita, domin katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata a nan Limanti. Gyaran rediyo da agogo nake yi, ban yi nisa a makaranta ba, ɗan abin da na sani a bakin teburin aikina na koya wa kaina. Yabo ba ɗabi'ata ba ce. Mutane da yawa sun ji haushina saboda na ƙi yaba musu a kan abin da dama aikinsu ne. Amma a ƙarshen watan nan matar nan za ta bar Maiduguri ta koma Biu. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, hannunta kuma ya soma rawa. Ba zan jira sai na ji labarin rasuwarta sannan in ce mutuniyar kirki ce ba. Wannan halin namu ne, kuma mugun hali ne.

A shekarar 2014 ta shigo garin nan, lokacin da aka watsa ƙauyukansu na bayan Askira. Mijinta Yoila bai fito ba. 'Yarta Phebe, wadda ke koyarwa a nan, ita ta kama mata gidan da ke jikin nawa. Na ga saukowarta daga mota da idona. Sauran matan wata na ɗauke da katifa, wata da tukwane. Ita kuwa ƙullin zani ɗaya ta rungume a ƙirji, kan wata jar kaza ya leƙo daga ciki. Wani mai shayi ya ce, "Mama, ke abin da kika tsira da shi ke nan?" Ta nemi a ba kazar ruwa kafin ita ta sha.

Kazar durgu ce, wato irin mai gajeren ƙafa. Daga baya ta gaya wa Rashida cewa irin na mahaifiyarta ne, da shi aka kai ta ɗakin miji. Wanda bai yi kiwo ba zai ce kaza kaza ce. Ba haka ba ne. Kajin gona da ake sayarwa a kwali suna zuba ƙwai, amma ba sa kwanci, sai ka sake komawa ka saya. Durgun Mama Kezia kuwa idan ta hau kwanci, kwana ashirin da ɗaya sai an ɗaga ta da hannu take sauka ta ci abinci. Idan ta ƙyanƙyashe, shirwa ba ta isa ta sauko kusa da 'ya'yanta ba. Macen da take da irin wannan kaza guda ɗaya, ba ta sake neman ɗan tsako a wurin kowa.

Da kajin suka yi yawa ba ta kai kasuwa ba. Sai ta fara ba matan da gudu ya kawo, kowacce sagara ɗaya, wato budurwar kazar da ta kusa fara ƙwai. Ba ta tambayar inda mace take ibada. Sharaɗi biyu kawai take kafawa. Na farko, a ƙyanƙyasar farko ki fitar da sagara ɗaya ki ba wadda ba ta da ita. Na biyu, duk kazar da ta shigo gidanki daga waje, saye ko kyauta, a kife ta a kwando can nesa da naki, kwana sha huɗu.

Cikin waɗanda suka fara karɓa akwai Aisa, wata Babarbariya daga wajen Bama, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. A gaban Rashida aka miƙa mata.

"Ban ba ki don tukunya ba," in ji Mama Kezia.

"Ya Kezia, in yaran suka yi kuka fa? Rabonsu da nama tun muna gida."

"Su yi kukan wata biyu. Bayan nan kukan da za su yi na sun gaji da ƙwai ne."

Aisa ta yi dariya, ta naɗe sagarar a mayafinta. Daga baya ta koma unguwar Mafoni da zama. Ƙwan zuriyar wannan sagara shi ya riƙe gidanta, har yau kuma shi ne.

Ba rabo kaɗai take yi ba. Mace za ta tara ƙwai kazarta ta ƙi kwanci, sai ta kawo wa Mama Kezia. Ta ɗauki gawayi ta zana wa kowane ƙwai alamar gidan da ya fito, na wannan gicciye, na waccan zobe, ta saka a ƙarƙashin tata mai kwanci. Ban taɓa jin an yi rigimar ɗan tsako a gidanta ba. Ita ta koya wa unguwar nan cewa akurki ba kabari ba ne, yana son taga da waya, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gafiya da ruwan damina, a sa sanda a ciki don kaji su hau. Dā tsohuwar randa muke kifawa mu toshe da dutse, da safe mu yi mamakin kaza ta galabaita.

Sai kuma ɗigo. Akwai annobar da ke zuwa wa kaji yawanci idan sanyi ya shigo: kashi ya koma kore, wuya ya murɗe, cikin mako guda gida ya zama wayam. Ba ta da magani idan ta kama, sai dai rigakafi, ɗigo ɗaya a idon kowace kaza. Maganin a 'yar kwalba yake zuwa, ba ya son zafi ko kaɗan, idan kuma aka haɗa shi bai wuce awa biyu yana aiki ba. Saboda haka duk bayan wata huɗu Mama Kezia take sa rana, ta aika kowa ya bar kajinsa a kulle. Da sassafe ka gan ta da filas ɗin shayi cike da ƙanƙara, kwalbar na ciki, tana bin gida gida da sauri kamar ana korarta. Ba ta zama, ba ta shan ruwa. Idan kika fara ba ta labarin ciwon bayanki, sai ta ce, "Riƙe mata fuka-fuki, bayan naki zai jira, kwalba ba ta jira."

Kwandon da na ambata yana nan a bayan madafinta, babba ne, da dutse a kansa. Matasan layinmu suna kiransa kurkukun Mama. Kazar matar fasto ta kwana a ciki, kazar da mai unguwa ya aiko mata da Sallah ma ta kwana a ciki. Kaskon ruwansa daban, kuma shi take ba abinci a ƙarshe, ta wanke hannu. Dalilinta ɗaya ne. Kaza tana iya ɗauke da annobar har mako biyu tana cin abinci tana kuka lafiya lau, ido ba ya ganewa.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

A 2021 garin nan ya zauna ba lantarki wata da watanni, kowa ya sani. Ƙanƙara ta yi wuya. Da lokacin ɗigo ya zo a watan Nuwamba, Mama Kezia ta je inda take samun maganin, aka miƙo mata kwalba, ta taɓa ta ji ta da ɗumi. Ta zagaya wurare uku, duk haka. Matan unguwa suka ce ta kawo hakanan a ɗiga, ko yaya ai ya fi babu.

"Bai fi babu ba," in ji ta. "In na ɗiga musu ruwan banza za ku saki jiki. Gara ku san ba a yi ba. Bana kwando ne kaɗai rigakafinmu."

Saura kwana huɗu Kirsimeti, sai ga Baba Manasse, yayan marigayi mijinta, tsohon shugaban makarantar firamare, dattijo mai faɗa a ji a danginsu. Daga Biu ya taso, ya biyo ta Damaturu, yini guda a mota, da wani farin zakara ƙato a ɗaure a kan cinyarsa. A yadda aka bayyana mini, a danginsu idan yayan miji ya kawo wa matar marigayi zakara, yana gaya mata ne cewa har yanzu ita tasu ce. Ita kuma za ta karɓa hannu biyu, ta kwance igiyar a gabansa, ta sake shi a tsakar gida. Wannan shi ne amsarta.

Mama Kezia ta durƙusa ta karɓa hannu biyu. Sai ta nufi bayan madafi. Ina gyaran wata fanka a tsakar gidana, duk abin da aka faɗa a kunnena ne.

"Maman Phebe, ina kuma za ki kai shi? Kwance shi ya miƙe ƙafa, tun asuba yake ɗaure."

"Zan kwance shi, Baba. A cikin kwando."

"Laifin me ya yi?"

"A kasuwa ka saye shi?"

"To a ina ake sayen zakara, a asibiti?"

"Kwana sha huɗu ne kawai, Baba. Bana ba mu samu ɗigo ba."

"Dube shi da kyau. Wannan ya yi miki kama da marar lafiya? Ya fi ni lafiya."

"Shi ya sa ake kifewa. Marar lafiyar da ya nuna ai ba ya wahalar da kowa."

Muryarsa ta sauka. "Na bar gidana, na biyo hanyar da mutane ke tsoro, don in nuna miki ba mu yar da ke ba. Ki kife shi a gaban idona kamar an kama ɓarawo? Da Yoila yana raye ba za ki yi mini haka ba."

Can ta ce, "Da yana raye, Baba, shi zai ɗora dutsen."

Ya karɓe zakaransa ya fito. A ƙofar gida ya ci karo da Hassana, wadda gidanta ke ɗaya ɓangaren na Mama Kezia. Ya ce, "'Yar nan, kina da kaji? Ungo, na ba ki." Hassana ba ta iya mayar wa dattijo hannu ba. Ta karɓa ta yi godiya.

Daga nan ya zauna a bencin ƙofar gidana yana huci. Zan faɗi abin da na yi, don ba zan yabi wata in ɓoye nawa ba. Na ce masa gaskiyarsa ce. Na ce ko mene ne, ba a wulaƙanta babba a kan tsuntsu. Na ma ƙara da cewa matan yanzu idan suka san abu ɗaya sai su ɗauka sun fi kowa. A ranar ina ganin tarbiyya nake karewa. Ya kwana a gidan wani ɗan cocinsu, washegari ya koma Biu bai yi mata sallama ba.

Mama Kezia ta leƙa ta katanga ta ce wa Hassana ta kife shi, ta ce ma za ta ara mata kwandon. Hassana ta ce to. Amma mai gidanta ya ga zakara ƙato, ya ce a bar shi ya bi kajin su samu iri mai girma. Aka sake shi.

Kwana biyar wuyansa ya murɗe. Suka yi maza suka yanka kafin ya mutu, suka wanke kayan cikin a bakin kwata. Bayan kwana uku kajin Hassana suka fara lumshe ido. Kunya ta hana ta faɗa. Ta fasa kafso mai ja da rawaya a ruwa, ta daka barkono ta zuba, wai ko za su farfaɗo kafin kowa ya ji. Waɗanda suka mutu aka jefa a bola, inda kajin layi duka suke tono. Ranar Lahadin farko ta sabuwar shekara, da ta ga kazar da ta fi so ta fara, sai ta ɗauke ta ta shiga gidan Mama Kezia don a duba mata. Ta tarar ta tafi coci. Maimakon ta koma da ita, sai ta ɗaure ta a ƙafar akurki, a inuwa, kusa da kaskon ruwa, don Mama ta gani da ta dawo. A ganinta ta kai marar lafiya wurin likita ne.

Kaji ashirin da uku Mama Kezia take da su, uku a kan ƙwai. Kwana tara suka ƙare. Ta ƙarshen a kan ƙwanta ta mutu, ba ta sauka ba.

Na ga matar nan ta haƙa rami har ƙugunta a bayan gida. Ta jera su ta zuba toka ta rufe, ta ƙone ciyawar gurbi da sandunan akurki. Hassana ta shigo tana kuka ta zube a gabanta. Na kasa kunne in ji zagi, don da ni ne, da na yi.

"Da kin gaya mini ranar farko, da gida ɗaya muka yi hasara," in ji ta. "Tashi ki ɗauko fartanya. Naki da ke bola ma sai mun kwaso mun binne."

Ta bi layi layi, tana tsayawa a titi tana kiran mata da suna, a kulle, a binne, kar a kai kasuwa. Amma an makara. Kafin ƙarshen watan babu durgu ko ɗaya a Limanti. Na unguwar Lamisula ma da ta raba, labarin da ya zo ke nan. Irin da ta ɗauko a ƙirjinta ta bar komai, irin mahaifiyarta, ya rage a gida ɗaya tak, wurin Aisa a Mafoni, in ma yana nan.

Rashida ta ce mini ta daina cin abinci sosai. Da safe tana fitowa da tsintsiya ta tsaya a bakin akurkin da babu komai. Wata ranar Talata ta ce wa Rashida ta raka ta Mafoni, tana so ta gan su da idonta. Ko takalmin da ta haƙa rami da shi ba ta canza ba. Ga macen da ta koya wa unguwa uku cewa ana ɗaukar annoba a tafin ƙafa da bakin zani, amma baƙin ciki ya mantar da ita.

Suka yi sallama. Aisa ta buɗe ƙofar langa-langa kaɗan, ta ga ko su waye, sai ta fito ta ja ƙofar a bayanta ta tsaya a jikinta.

"Wushe, sannu Ya Kezia. Na ji abin da ya faru."

"Suna nan?"

"Suna nan. Sha ɗaya. Tun ranar da kika ce ba ɗigo na kulle su, ko tono ba sa fita."

"Matsa in gan su."

Rashida ta ce Aisa ta sunkuyar da kai, ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Wanda ya san Barebari ya san abin da ake nufi da tsayar da baƙo a ƙofa, balle babba, balle wadda ta ba ka abin da kake ci. Maƙwabta kuma sun fara leƙowa.

"Ya Kezia, ba za ki shiga ba."

"Ni?"

"Daga ina kika fito? Dubi takalminki."

Mama Kezia ta duba ƙafarta. Rashida ta ce ta ɗauka faɗa za a yi. Wata tsohuwa daga gefe ta ce, "Aisa, ba ki da kunya? Uwarki ce fa." Aisa ba ta juya ba, hawaye na zuba, amma ba ta matsa daga ƙofar ba.

"Ke kika ce ko waye," in ji ta. "Ban ji kin ce ban da ke ba."

Mama Kezia ta ja da baya taku uku, ta tsaya a tsakiyar hanya. Ta ce wa tsohuwar, "Ƙyale ta, Iya. A duk waɗanda na ba kaza, ita kaɗai ta ji ni." Sannan ta ce wa Aisa, "Watsa musu hatsi in ji muryarsu daga nan." Aisa ta shiga ta watsa. Suka tsaya a rana suna sauraron kaji suna rububi a bayan langa-langa. Da suka juyo, a bakin titi Mama Kezia ta ce wa Rashida ta saya mata ƙosai, yunwa take ji.

Ta bar gidanta ba kaza har kwana arba'in, ta shafe akurkin da farar ƙasa, ta bar rana ta gasa shi. A rana ta arba'in da ɗaya keke ya tsaya a ƙofarta. Aisa ta fito da sagara biyu jajaye da ɗan zakara, duk masu gajeren ƙafa.

"Sharaɗin ɗaya ne a ba wadda ba ta da ita," in ji Mama Kezia. "Wa ya ce ki kawo uku?"

"Ɗaya ta sharaɗi ce. Biyun na tsayuwar da na sa ki a rana ne."

Daga waɗannan da sauran na Mafoni aka sake cika Limanti da Lamisula. Jar da ke kwance a kan ƙwai a gidana yau jikarsu ce. Ni kuma na shiga gidanta na ce mata abin da na faɗa wa Baba Manasse a kan benci, na ce na yi kuskure. Ta ce ai ta ji ni tun ranar, katangar ba ta da kauri.

Mama Kezia, ke ce kika yarda a kira ki marar kunya a gaban yayan mijinki, don kada matan da ba su da kowa su wayi gari ba abin da za su dafa wa 'ya'yansu. Ke ce kika ƙi ɗiga ruwan banza alhali babu wanda zai gane. Ke ce aka tsayar a titi da dokarki, kika ja da baya maimakon ki ce ni na kafa ta. Na ga masu wa'azi da yawa, na Juma'a da na Lahadi, kaɗan ne na ga sun yi haƙuri da aka juyo musu da maganarsu. Uwar durgu, ban san wata sarauta da zan kira ki da ita ba, kuma ba ki buƙata.

Ta riga ta raba kayan aikinta. Filas ɗin ƙanƙara yana hannun Aisa, ita ta yi zagayen ɗigo biyu na ƙarshe, kuma an ce ta fi mai shi rashin tsayawa hira. Kwandon kuwa Hassana ta ba. Wasu sun yi gunaguni a kan haka. Ta ce wadda ta binne kaji da hannunta ba sai an tuna mata amfaninsa ba.

Baba Manasse ya fi shekara bai taka garin nan ba bayan da labari ya kai masa. Ban ji ya ce a yi haƙuri ba, dattawan irinsu ba su cika iya furta kalmar ba. Amma da ya ji idonta ya lalace, shi ya ce ba za ta zauna ita kaɗai ba alhali Phebe ta yi aure a nesa, ya gyara mata ɗaki a gidansa. Makon jiya ya zo shirya tafiyar. Ina tsaye a wurin tana shafa kajin da hannu, tunda ido ya ƙi, tana zaɓen wadda za ta tafi da ita. Ta tsaya a kan wata ja.

"Wannan ce, Baba. Da na sauka zan sake ta cikin naka, su saba."

"A'a," in ji shi. "Na sa an saƙa kwando, yana bayan madafi. Kwana sha huɗu."

"Baba, wannan fa tawa ce. Na san uwarta, na san kakarta."

"Motar haya za ta shiga. Kin san kazar da ta zauna a wurin kafin ita?"

Ta ɗago kai wajen da muryarsa take. Ta ce, "Ka samu dutse mai nauyi?"

"Tun watan jiya yake ajiye."

Ku da kuke karanta wannan, ba na ce kowa ya koma kiwon kaji ba. Amma na ga abin da kunyar banza ta yi wa unguwa biyu. Kunya ta sa aka karɓi zakara, kunya ta sa aka ɓoye ciwo, ni kuma na zauna a benci na kira ta tarbiyya. Wanda yake da kaji ya nemi kwando yau, kada ya jira sanyi. Wanda abu ya ɓaci a gidansa ya gaya wa maƙwabcinsa a ranar farko. Wadda kazarta ta ƙyanƙyashe ta duba wadda ba ta da ita. Wanda kuma ya kafa doka, a gida ko a ofis, ya shirya ranar da za a tsayar da shi a ƙofa da ita.

Mama Kezia, mun gode. Allah ya saka miki, ya kai ki Biu lafiya, ya sa a dace da aikin idon da za a yi miki. Rashida ta ce in gaya miki jar ta sauko ta ci da safen nan, ta koma kan ƙwanta. Saura kwana shida ta ƙyanƙyashe. Sagarar farko ta riga ta samu mai ita, wata mata ce da ta tare a bayan layinmu watan jiya, kuma mun gaya mata sharuɗɗan duka biyu.